Harajin Garaɓasa da Dabarun Rage Riba a Takarda

Harajin garaɓasa shi ne ƙarin kason da hukuma ke karɓa daga ribar da ta faɗo wa kamfani ba don ƙwazonsa ba, sai don tashin farashi ko faɗuwar darajar kuɗi. Mazauna Tasawa da Mayahi sun san irin wannan riba, domin ɗan kasuwar da ya cika sito da wake ko gero a kaka yakan wayi gari a bazara kayansa sun yi tsada ba tare da ya ƙara musu komai ba, kuma ba kasafai yake faɗa wa mai karɓar lanho gaskiyar abin da ya samu ba.

Manyan kamfanoni ba sa ɓoye buhu, lissafi suke juyawa. Sukan ɗage rubuta wani ciniki zuwa baɗi, ko su kumbura kuɗin da suke warewa don asarar da ba ta auku ba tukuna, ko su sayar wa wani reshensu na ƙetare kaya da araha, ta yadda ribar za ta bayyana a ƙasar da harajinta bai da nauyi. Yawancin waɗannan dabaru ba sa saɓa wa doka a zahiri, shi ya sa kama su ke da wuya.

Dokar ma'adinai ta Nijar ta 2006 misali ce mai kyau, domin ta ɗaura kason gwamnati a kan girman riba: kashi 5.5 cikin ɗari idan ribar ba ta wuce kashi 20 na ciniki ba, kashi 9 a tsakiya, kashi 12 idan ta kai rabi. Kamfanin Areva na Faransa, wanda ke haƙar yuraniyom a Arlit a lokacin, bai amince da bin wannan tsari ba sai a 2014, kuma daga baya ƙungiyoyi irin su Oxfam suka yi ƙorafin cewa wani sabon tsarin farashin yuraniyom ya rage ribar da ake gani a takarda, har kason Nijar ya ragu maimakon ya ƙaru. Duk inda aka kafa matakala irin wannan, an ba akanta dalilin tsayar da riba a ƙasan mataki.

Najeriya ma ta ɗora wa bankuna harajin kashi 70 cikin ɗari a 2024 kan ribar canji da suka samu bayan faɗuwar naira a 2023, sai dai ya shafi ribar da ta riga ta shiga hannu ne, kuma banki yana da ta cewa a kan ranar shigarta.

Abin da kamfani ya rage a takarda ragi ne a baitulmalin da ke biyan malamin makaranta a Mayahi da ma'aikacin asibiti a Tasawa. Saboda haka ya kamata Nijar ta horar da masu binciken lissafi da za su iya tantance farashin ciniki tsakanin kamfani da rassansa kafin ta ƙara ko da kashi ɗaya a kan harajin.