Yadda za a kai waifai shagon da ke ƙofar gida

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, akwai masu waifai a gida da ke amfani da rauta mai layin MTN ko Airtel. Tana ɗakin maigida, amma samarin da ke shago ko ɗakin baƙi sai su ga intanet yana ɗaukewa.

Bango ne ke cinye ƙarfinsa, musamman ginin ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe da rufin kwano. A fara ɗaga rautar sama, kusa da tagar da ke kallon shagon, nesa da talabijin. In tana da zaɓi biyu, a kama 2.4GHz, ya fi 5GHz ratsa bango.

Wasu kan sayi na'urar ƙara ƙarfi su kai ta cikin shagon. Kuskure ne. A tsakiyar hanya ake ajiye ta, inda sigina ke da ƙarfi.

Mafi inganci shi ne a ja kebul daga rautar zuwa wata rauta a shagon. Kebul ɗin yana iya kai mita 100. A sa shi cikin bututun roba saboda rana da damina, kuma a haɗa duka rautocin biyu da batirin sola.