ƁERA DA GYARAN FUSKA: ABIN DA YA KAMATA MAIGIDA YA SANI



Ka taɓa ganin yaron da cutar Noma ta cinye wa leɓe ko kunci? Cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, ana gyaran fuska kyauta.

Yadda ake gyaran: likita zai yanko fata daga goshi, wuya ko ƙirji, ya bar gefe ɗaya a manne don jini ya riƙa shiga, ya rufe wurin da ya lalace. Ran wannan fatar yana ga jini. In jini ya yanke, ta mutu.

To ina ɓera ya shigo? A 1965, likita McFarlane a Kanada ya yi wa ɓeraye allurar barci, ya ɗaga doguwar fata a bayansu, ya mayar ya ɗinke. Cikin 'yan kwanaki, ƙarshen da ya fi nisa da tushen jini ya yi baƙi ya bushe, na kusa ya rayu. Har yau da wannan gwajin ake auna abin da ke raya fata da mai kashe ta. Nan aka ga sinadarin taba sigari yana tsuke ƙananan jijiyoyi, fatar da ke mutuwa ta ƙaru.

Don haka in an yi wa naka irin wannan aiki:

1. Babu hayaƙin sigari kusa da shi.
2. Kada a danne wurin, ko a ɗaure da ƙarfi, ko ya kwanta a kai.
3. Kada a gasa, kada a shafa zuma, man habbatussauda ko garin magani sai likita ya yarda.
4. Wurin ya yi sanyi, ko ya ƙara duhu ya kumbura? A koma asibiti nan take, ba sai gobe ba.
5. A ba shi wake, ƙwai, kifi da nono.

Amma rigakafi ya fi magani. Dasashin yaro yana jini, baki na wari, kunci ya kumbura? Yau za a kai shi asibiti. Tun da wuri magani na tsayar da ita, ba sai an kai ga wuƙa ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.