Kiyaye Lafiya a Jirgin Sama: Jawabi ga Maniyyata da Sauran Matafiya na Nguru da Gashuwa

A zamanin da, mai niyyar aikin Hajji daga ƙasar Nguru ko ta Bade yakan yi sallama da iyalinsa sallamar wanda ba a san ranar komowarsa ba. Yakan bi ta Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, a ƙasa ko bisa dabba, wani ya shekara biyu, wani biyar, wani kuwa sai labari. Jirgin sama ya fara sauka Kano a shekarar 1925, jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, sa'an nan sannu a hankali tafiyar shekaru ta koma ta yini guda. Tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, jirgi kuwa yakan cinye su cikin awa huɗu zuwa biyar idan ya miƙe hanya. A 2023, sa'ad da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Sai dai sauƙin nan ya zo da tasa irin wahalar. Matafiyin da, tafiya ce take cin jikinsa. Na yau kuwa zama ne yake cinsa, ga shi kuma mutane kaɗan ne suka ɗauki zama a bakin abin tsoro.

Zama wuri ɗaya

Jinin da ya sauka ƙafafu ba ya komawa zuciya da ƙarfin zuciya kaɗai. Naman sha-raɓa ne yake matsa jijiyoyi duk sa'ad da mutum ya taka ƙasa, ya tura jinin sama. In mutum ya zauna ya naɗe gwiwa, aikin nan ya tsaya, jini ya riƙa tafiya da nawa, har wani lokaci ya daskare ya zama guda a cikin jijiyar da ke can cikin ƙafa. Gudan nan yana iya ɓallewa, jini ya kwashe shi zuwa huhu ya toshe hanya, abin da kan kashe mutum farat ɗaya. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon bincikenta cewa haɗarin wannan cuta yana ninkawa biyu ga wanda ya yi awa huɗu ko fiye a zaune cikin tafiya, watau kamar mutum 1 cikin 6,000. Adadin ba shi da yawa ga mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya. Amma jirgin alhazai ba samari ne suka cika shi ba.

Abin lura a nan shi ne, binciken ya haɗa da mota da jirgin ƙasa. Mutumin Kano yana fita gida ya shiga jirgi. Mutumin Nguru kuwa sai ya yi fiye da kilomita 200 a mota kafin ya ga filin jirgin Kano, na Gashuwa da aka tura Maiduguri ta Damaturu ya yi fiye da 300. Bayan wannan ga zaman jira a sansanin alhazai, ga layin awon kaya, ga na duba fasfo. Kafin a ce a ɗaura ɗamarar kujera, ƙafafunsa sun riga sun ci rabonsu na zama. Saboda haka kiyayewar tun daga tashar mota take farawa. Duk inda direba ya tsaya, don salla ko shan mai, matafiyi ya sauka ya taka ƙasa. A sansani kada ya kwanta kan tabarma yini guda yana tsaron jaka. Ya bar wa abokin tafiya amana ya zaga.

A cikin jirgi, in an kashe alamar ɗamara, babu laifi mutum ya miƙe ya yi tattaki a tsakanin kujeru bayan kowace awa ɗaya ko biyu. In hanya ta cushe, to ya motsa daga zaune: ya kafa diddige ya ɗaga yatsu, ya kafa yatsu ya ɗaga diddige, ya juya idon sawu, ya maimaita. Kada ya cusa kaya a gaban ƙafafunsa har su rasa wurin miƙewa, kada kuma ya sha maganin barci don tafiya ta yi masa sauri, gama mai barcin magani ba ya motsi. Tufafi su zama masu yalwa, kuma a nan babu abin da ya fi namu na gargajiya, muddin ba a tsuke mazagin wando ba.

Waɗanda haɗarin ya fi kusa da su su ne tsofaffi, da masu ƙiba, da mai ciki ko mai jego, da macen da ke shan ƙwayoyin tsarin iyali, da wanda aka yi wa tiyata ba da daɗewa ba, da mai ciwon daji, da wanda jini ya taɓa daskare masa. Irin waɗannan lalle ne su ga likita kafin ranar tashi, shi ne zai faɗa ko suna bukatar safa ta musamman mai matse ƙafa ko wani magani.

Ruwa, alwala da makewayi

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, laimarta ba ta cika kai kashi 20 cikin 100 ba. Wanda ya san hunturun Nguru, sa'ad da leɓe ke tsagewa, hanci ya bushe, ya san irinta. Magani shi ne shan ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. To, amma a nan ne matsala take. Da yawa daga cikin dattawa, musamman mata, sukan ƙi shan ruwa tun daga gida, wani don kada alwalarsa ta karye, wata don kunyar tambayar inda makewayi yake, wani don tsoron ƙofar da bai san yadda ake buɗe ta ba. Sai mutum ya sauka ƙasa mai zafi da ƙishirwar yini biyu a jikinsa, ga ɗawafi da sa'ayi suna jiransa. Wannan ba tsentseni ba ne, cutar da kai ne. Hukuncin salla da tsarki a halin tafiya malamai sun yi bayaninsa da sauƙi, a tambaye su tun a wurin bita. Makewayi kuwa ma'aikatan jirgi aikinsu ne su nuna shi. Abin da ake roƙo kawai shi ne kada a kwarara ruwa a daɓensa kamar na gida, domin ba shi da magudana, kuma tsoho na iya zamewa.

Akwai togaciya guda. Ciwon ƙoda ya yi yawa a yankin Gashuwa da Nguru, abin da hukumomi da masana suka daɗe suna bincike a kansa. Mai wannan ciwo, ko mai ciwon zuciya da likita ya ƙayyade masa ruwan sha, kada ya bi shawarar jama'a. Ya bi ma'aunin likitansa.

Iska da kunne

Jirgi yakan tashi sama da ƙafa 30,000, inda ɗan Adam ba zai iya numfashi ba. Don haka ake matsa iska a cikinsa, amma ba a kai ta nauyin iskar ƙasa ba. Ana barin ta daidai da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Nguru ba ta kai ƙafa 1,200 bisa teku ba, Jos ma da ake ambato wajen 4,000 take. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai ɗan kasala. Amma mai ciwon sikila, da mai ƙarancin jini, da mai ciwon huhu ko na zuciya, ƙarancin iskar nan na iya tayar musu da ciwo, don haka su faɗa wa likita gaskiya a wurin gwaji. Ɓoye ciwo don kada a rasa kujera ya jefa mutane da yawa cikin wahala a ƙasar da ba su da kowa.

Raguwar nauyin iska tana sa iskar da ke cikin jiki ta kumbura. Shi ya sa ciki ke cika, shi ya sa kuma wake da lemo mai gas ba guzurin ranar tashi ba ne. Kunne ma yakan toshe, ya fi tsanani wajen sauka. Haɗiye yawu, da hamma, da tsotson alewa suna buɗe shi, jariri kuwa a ba shi nono. Goro dai a bar shi gida, domin hukumomin Saudiyya ba sa yarda a shiga da shi.

Magunguna da rigakafi

Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Babbar jaka na iya makara ko ta ɓata, kuma sanyin ɗakin kaya na iya lalata allurar insulin. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu, sai a tambayi likita yadda za a daidaita lokacin sha. Mai suga ya riƙe dabino ko alewa, gama abincin jirgi ba ya zuwa a lokacin da aka saba.

Allurar sanƙarau da ta shawara wajibi ne ga maniyyaci, a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki bai gama ɗaukar kariya ba sai bayan haka. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 10,000 a Nijeriya har Saudiyya ta hana alhazan ƙasar nan shiga, sun san katin rigakafin da aka saya ba a yi allura ba takarda ce kawai.

Bayan sauka

Gudan jini ba lalle ne ya nuna kansa a cikin jirgi ba. Yakan bayyana bayan kwanaki, har makonni. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, ta yi zafi, ta yi ciwo a sha-raɓa, kada a murza ta, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho. In numfashi ya sarƙe ba zato, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tari da jini, a garzaya asibiti nan take. A ƙasa mai tsarki akwai ayarin likitocin Hukumar Alhazai ta Ƙasa. A gida kuwa akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin gwamnati na Gashuwa. Mai jinya ya fara gaya wa likita ranar da aka sauka daga jirgi da yawan awoyin da aka yi a zaune.