Inda Ɗan Waƙafin Ya Sauka

A Anka nake koyar da Turanci da yamma, kuma yawancin yaran ajina 'yan Tungar Daji ne da ke zaune wurin dangi suna shirin jarrabawar NECO. Wata Laraba na ba su jimloli su mayar Turanci. Da na zauna duba takardun, inda nake jiran in ga Musa's book sai na tarar da the book's Musa. Na buɗe ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Na fara zargin satar amsa. Washegari na raba su, kowa da kusurwarsa, na ba su rigar Binta. Aka sake kawo mini the gown's Binta. Ashe ba leƙe ba ne. Na koma na bi littattafansu ko ni ne na yi kuskure a allo, na ga sun kwafe daidai, har da boys' da children's, waɗanda su ne na ɗauka za su ba su wuya.

Abin ya tsaya mini a rai, don yaran nan ba malalata ba ne.

Sai na kira wata yarinya na ce, "Ke, me ya sa kika ɗora alamar a kan littafi?"

Ta ce, "Malam, ai littafin ne aka mallaka."

Nan na gano bakin zaren. A Hausa, nasaba tana manne wa abin da aka mallaka: littafi ya zama littafin Musa, riga ta zama rigar Binta, ko rigab Binta a bakin mutanenmu na nan. Turanci kuwa mai abin yake yi wa alama, ya kuma sa shi gaba. Yaran sun riƙe ƙa'ida sosai, ta harshen da suka tashi da shi. Haka kuma na fahimci Audu washed her gown da wani ya rubuta: riga tamace ce, tasa muke cewa, sai ya bi jinsin rigar ya bar Audu.

Yanzu kafin su miƙa takarda, kowa sai ya tambayi jimlarsa, "Na wa?" Sunan da ya amsa, a bayansa ɗan waƙafin zai sauka. Yarinyar nan ce ta fara gwadawa a allo: ta goge book's, ta rubuta Musa's, sannan ta juyo ta ce, "Malam, su a baibai suke yi ke nan."