'YARKI TA YI SHIRU? KI JA TA A JIKA

Yarinya idan ta kai shekara 12 zuwa 18, jikinta yana sauyawa, haka ma tunaninta. Jinin al'ada ya fara zuwa. Samari sun fara sallama da ita. A gida ana maganar aurenta ko karatunta, ba a tambaye ta ba. Ga daka, ga ɗibar ruwa, ga talla. Wannan kaya ne mai nauyi.

A Babban Mutum da sauran garuruwan ƙasar Daura, mun gaji alkunya. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta sakewa da ita. Kunya ado ce. Amma idan ta hana magana, sai yarinya ta haɗiye damuwarta ita kaɗai.

Damuwa ciwo ce

Yawan damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da matsalar tunani. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu kan sabuwar dokar kula da masu irin wannan ciwo. Ke nan ba abin kunya ba ne. Kada a yi saurin cewa iska ce ko sammu.

Alamomi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ki lura idan 'yarki:

1. Ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata.
2. Ta guji ƙawayenta, ta daina zuwa biki ko makaranta.
3. Tana kuka ko fushi ba dalili.
4. Tana yawan ciwon kai, an sha magani bai tafi ba.

Yadda za a yi magana

Kada ki kira ta kamar za a yi shari'a. Ki bari sai kuna aiki tare, kuna tankaɗe ko kina yi mata kitso. Hannu yana aiki, ido ba ya kallon ido, baki ya fi saurin buɗewa. Ki ce, "Na ga kwana biyu ba ki da walwala. Me ke damun ki?"

Sannan ki yi shiru ki saurara. Kada ki katse ta. Kada ki zage ta ko ki yi mata gori. Abin da ta faɗa miki, kada ki kai wa kishiya ko maƙwabta. Idan kika tona asirinta sau ɗaya, ba za ta ƙara gaya miki ba. In ta ƙi magana yau, ki sake gwadawa gobe.

Idan nauyinta kike ji, ki wakilta kakarta, ko goggonta, ko ƙanwarki. Abin nema shi ne ta sami babba guda da za ta gaya wa cikinta.

Maigida, kai ma da naka. Ka amsa gaisuwarta da sakin fuska. Ka tambaye ta karatu. Kafin ka yanke maganar aurenta, ka aika a ji ta bakinta.

Yaushe za a je asibiti?

Idan alamomin nan sun wuce mako 2, a kai ta asibiti mafi kusa, ko na Baure, ko na Daura. In da bukata, za su tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin Dawanau a Kano. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Idan kuwa ta ce ta gaji da duniya, ko gara ta mutu, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar ta ita kaɗai. A kulle maganin ƙwari da na ɓera. A kai ta asibiti a ranar.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa matan gidansu.