Ramin akwatin lasifika ba kwalliya ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau a Korahane da ƙauyukan Dakoro da wuya a yi biki ko suna ba a kunna lasifika ba. Mutane da yawa suna sayen babbar lasifika a kasuwa, su kai wa kafinta ya yi mata akwati. Sai kafinta ya huda rami a gaba yadda ya ga dama. Nan ne kuɗi ke lalacewa.

Mine ne aikin ramin? Ku ɗauki kwalba, ku busa bakinta. Za ta yi ƙugi. Ku zuba ruwa rabi, ku sake busawa. Muryar za ta yi siriri. Ashe girman ciki da girman baki su ne ke sa murya. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya bayyana wanga al'amari tun ƙarni na 19. A 1932, a Amurka, Albert Thuras ya samu takardar mallakar dabarar akwati mai rami.

Akwatin lasifika kamar kwalbar nan yake. Ana sa guntun tiyo cikin ramin. Iskar tiyon tana motsi tare da lasifika, sai murya mai kauri, irin ta ganga, ta ƙaru, ba tare da an ƙara cin batir ba.

Ga abin da za ku riƙe:

1. Dogon tiyo yana ƙara kaurin murya. Gajere yana rage shi.
2. Tiyo mai faɗi yana son ƙarin tsawo.
3. In tiyo ya cika ƙunci, iska za ta riƙa fito.
4. Ban da ramin nan, kada iska ta samu wata kafa. A liƙe kowace kusurwa da gam.

Ga misali. Akwatin da cikinsa ke da tsawo santimeta 50, faɗi 40, zurfi 25, yana cin lita 50, wato bido biyu na lita 25. Irin wannan, a sa mishi tiyon roba mai faɗin santimeta 7 da rabi, tsawo kamar 11. A bar sarari tsakanin bakin tiyo da bangon baya, aƙalla faɗin tiyon. Kowace lasifika da akwatin da ya dace da ita, don haka ku duba takardar da ke zuwa da ita. Ga amfanin karatu!

Hattara: in tiyo ya yi gajarta ƙwarai, kuma aka ƙure sauti, lasifika za ta yi ta rawa babu abin da ke tare ta, har ta yage. Sannan ɓera yana shiga ta ramin ya ci takardarta. A sa raga mai manyan ido, a rufe akwati da zane lokacin ƙura.

Kafin kafinta ya kama zarto, ku auna, ku rubuta, ku ba shi.