Ɗakin Boskwata: Inuwar Da Ba Ta Gaduwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a Nima ko Mamobi, a birnin Akara wanda mutanenmu ke kira Ankara, ya san cewa da asuba ake ganin magidanta suna nufar unguwannin masu hali irin su Kantonmen da Rij. Direbobi ne da masu gadi da kuku-kuku. Wasunsu ma can suke kwana da iyalinsu a ɗakin bayan gida, wato boskwata.

Wannan tsari tsoho ne. A Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, attajirin ƙauye yakan ɗauki mai tuƙa masa keken doki, ya ba shi ɗaki a saman barga ko ƙaramin gida kusa da ita, ba ya biyan haya. 'Ya'yansa maza sukan fara da sharar barga, mata kuma su shiga aikatau. Sai dai gidan na aikin ne, ba na mutumin ba. Ranar da aka sallame shi ko ya rasu, iyalinsa na iya wayar gari ba matsuguni.

Bayan Turawa sun mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akara a 1877, sun gina unguwar Victoriaborg, daga baya Rij, gidajensu da ɗakunan barori a baya. Mota ta maye gurbin doki, amma ƙa'idar ba ta sake ba.

A nan ne zango ya yi rana. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga dangin Odoi Kwao don kiwon shanu, baƙi suka riƙa sauka wurinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da masu yi wa sojoji aiki. Wanda ya yi dabara sai ya riƙa tara albashinsa, ya kafa ɗaki ɗaya a zango, ya sa uwargida ta fara sayar da koko ko wake da shinkafa a ƙofar gida. Idan Bature ya koma ƙasarsu, yana da wurin sa haƙarƙarinsa. Wanda ya dogara da boskwata kuwa, sai ya koma raɓe. Ai Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

A shekarar 2020 gwamnatin Gana ta fitar da ƙa'idojin masu aikin gida, waɗanda suka tanadi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin maigida da ma'aikacinsa. Wannan ci gaba ne, amma takarda ba ta mallaka wa kowa ɗaki.

Mu ma 'yan kasuwar kan iyaka, daga Aflawo zuwa Jibiya da Illela, abin ya shafe mu. Da yawanmu muna da direba ko yaron shago da muka ba ɗaki, har ya yi aure ya haifu a ciki. Shin mun taɓa tunanin makomar matarsa da 'ya'yansa ranar da muka raba gari, ko magada suka zo rabon gida? A taimaka masa ya sayi ko da rabin fuloti ne tun yana da ƙarfi, a rubuta, a sa shaidu. Allah Ya sa mu dace.